Kabeji yana tafiya Legas, mu muna cin farar shinkafa a robar tekawe

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da take ci mini tuwo a ƙwarya tun farkon zangon nan, yau dai sai na faɗe ta. Jiya da sassafe na raka innata kasuwar Farin Gada da ke nan Jos sayen kayan miya. Manyan motoci sun yi layi ana loda musu kabeji da karas da koren wake da tattasai da tumatur, wasu Legas za su, wasu Fatakwal, wasu Abuja. A gefe kuma ga ganyen kabejin da aka ɓare an tara shi tsibi guda, awaki suna ci, sauran yana ruɓewa.

Daga can na wuce lakca. Da rana na shiga wurin cin abinci aka zuba mini farar shinkafa da miyar da rabinta mai ne, ko silin ganye babu, cikin farar robar tekawe, aka ƙulle da baƙar leda. Na ci na jefa robar a kan 'yan'uwanta da suka cika duro har suna zuba ƙasa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Mu da muke zaune a garin da yake ciyar da rabin ƙasar nan da ganye, me ya sa ɗalibin Jos zai yi mako guda bai ga ganye a kwanonsa ba?

Sadiq (shugaban zaure): Wa alaikumus salam. Magana ce mai kyau. A tattauna cikin mutunci, kuma don Allah kada a kama sunan shagon kowa.

Bashir: 'Yar'uwa Hauwa'u, wanda ya ƙoshi bai san da mai jin yunwa ba. Bari in yi miki lissafina. Bashin karatun da nake karɓa daga NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai bashi, kuɗin kashewa Naira 20,000 ne a wata. Raba shi gida 30, abin da zai fito bai kai Naira 700 a rana ba. A ciki zan hau Keke, in yi kwafin takardu, in sayi data, in ci abinci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 yawancinmu a hostel 0-1-0 muke yi, sau ɗaya a wuni. Wanda zai ci sau ɗaya, abin da zai riƙe masa ciki har gobe yake nema. Kabeji ba ya riƙe ciki.

Hauwa'u: Ban ce ka bar shinkafa ka ci kabeji zalla ba, Bashir. Cewa na yi a haɗa.

Bashir: Haɗin ai shi ne kuɗin.

Nanret: Ku bari in sa baki, ni 'yar manomi ce. Babana dankalin Turawa yake nomawa a Mangu, kuma duk hutun damina ina gona. Lokacin da dankali ya fito, wajen Yuli zuwa Agusta, kowa haƙa yake yi a lokaci guda, daga Mangu har Bokkos da Barikin Ladi. Ba mu da wurin ajiya. Idan ka bar shi a ɗaki ya ruɓe, idan ka bar shi a ƙasa ruwa ya lalata shi, saboda haka duk abin da dillali ya taya sai ka sallama. Na sha ganin babana ya dawo daga kasuwa ya zauna shiru, kuɗin da ya samo ko na taki bai mayar ba. Wata biyu bayan haka in zo makaranta in tarar ana sayar da soyayyen dankali 'yan yanka kaɗan a farashin da sai ka yi tunani sau biyu.

Kuma Bashir, a kan maganar riƙe ciki ban yarda da kai ba. Ka taɓa shan gwaten acha da aka yi da yakuwa da alayyahu da gauta, aka zuba wake da ɗan ƙuli? Mutanenmu da shi suke wuni a gona suna huɗa tun safe har la'asar. Shinkafar nan kuwa awa 3 ka ji kamar ba ka ci komai ba.

Bashir: Na sha, kuma gaskiyarki, yana riƙe ciki. Amma acha yanzu ta fi shinkafa tsada a mudu.

Nanret: Haka ne, saboda wahalar surfe da wanke tsakuwa, kuma masu ciwon suga na birni sun gano ta. To a yi da tsakin masara. Shi ne gwaten talaka tun asali.

Dakta Rabi: Sannunku ƙannena. Na bar makaranta da daɗewa amma abin da kuke ci yana biyo ni har ɗakin duba marasa lafiya. Abin da ya fi damuna shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ku duba yadda ake dafa Indomie a hostel: a juye sinadarin cikinta gaba ɗaya, a murza Maggi a kai, wani ma ya ƙara gishiri. Duk gishiri ne a kan gishiri. Hawan jini ba ya sallama, kuma ina ganin sa a jikin matasan da ba su kai shekara 30 ba. Hukumar ta kuma ce a ci ganye da 'ya'yan itace aƙalla giram 400 a rana. Ku tambayi kanku gaskiya ko kuna samun rabin haka.

Na biyu, lemon kwalba da abubuwan shan nan na hana barci lokacin jarrabawa. Yaro zai sha kwalba 2 da biskit ya ce ya yi karin kumallo. Kuɗin nan zai saya masa ƙosai da kunun gyaɗa, ko awara, ko alala. Wake da waken suya da gyaɗa su ne naman mai ƙaramin ƙarfi, kuma ina nufin haka a ilimance, suna gina jiki sosai.

Wani abu kuma da nake so ku cire daga ranku: yawanci ba yunwa ce take kawo gyambon ciki ba. Wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa ko abinci, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki barkatai. Yunwa tana tayar da zafin ne kawai. Duk mai fama da shi ya je a gwada shi, ana warkewa.

Sai dai Hauwa'u, ina da gyara a maganarki. Ɗanyen ganye ba a wasa da shi. Wasu lambunan rani da ruwan kogin Dilimi ake ba su, wasu da ruwan kududdufan da aka bari bayan haƙar kuza, kuma kin san abin da gari yake zubawa a kogin nan. Idan mai abinci ba ta da wadataccen ruwa mai tsabta na wanke latas, gara ta dafa ganyen. Kada mu gudu daga hawan jini mu faɗa taifot.

Hauwa'u: Na gode Anti, wannan ban yi tunaninsa ba. Ke nan gwate da fate da miyar ganye sun fi mana salak aminci.

Dakta Rabi: A halin da ake ciki, ƙwarai kuwa.

Ummi: Tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Mahaifiyata tana cikin masu sayar muku da abincin nan, shekararta 11 tana yi, kuma da kuɗin nake karatu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mama tana tashi ƙarfe 4 na asuba. Tana biyan kuɗin shago, tana sayen gas, idan ya gagara ta koma gawayi. Famfo ba kullum yake kawo ruwa ba, sai ta saya a wurin 'yan garuwa. Wuta kuwa kun san yadda take, firij ɗinmu ya fi zama kabad. Shinkafa idan ba a dafa ba tana nan har wata 6. Alayyahu idan ya kwana ya yi yaushi, ya kwana biyu sai bola. Wa zai biya ta asarar?

Kuma ku daina cewa ba a gwada ba. Bara waccan Mama ta yi gwate babbar tukunya, har da zogale. Ina tsaye a wurin wata ta leƙa ta ce, "Yanzu sai in bar gida in zo jami'a in sha gwate?" Mutum 6 suka saya. Da yamma muka kira almajirai suka kwashe. Sau 3 ta yi ta haƙura. Ku ɗalibai da baki kuna son ganye, amma idan kun zo gaban tukunya shinkafa da taliya kuke nunawa.

Maganar roba kuma, da faranti muka fara, na tangaran da na silba. Aka riƙa tafiya da su hostel ba a dawowa da su. Wanda aka bari kuma sai an sayi ruwa da sabulu an biya yarinyar da za ta wanke. Tekawe ba don muna son sa muke saye ba, shi ma kuɗi ne, a kan abincinku ake ɗora shi.

Hauwa'u: Ummi, ki yi haƙuri idan maganata ta yi kama da zargi. Wallahi ba Mama nake nufi ba, na san ba laifinta ba ne. Ki gaishe ta.

Ummi: Ba komai, za ta ji. Ina dai so a san ɗaya ɓangaren.

Baba Sabo: 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Jikana ne ya nuna mini yadda ake rubutu a nan, ku yi haƙuri da tsawon magana. Ni a Zariya na yi karatu a ƙarshen shekarun 1970. A lokacinmu jami'a ce take dafa abinci da kanta. Tikiti za ka saya, ka ɗauki tire ka bi layi, a zuba maka a faranti, ka ci a zaune a kan tebur, ka mayar da farantin a wanke. Babu leda, babu roba. A watan Afrilun 1978 gwamnati ta ƙara kuɗin abincin wuni daga Naira 1 da kwabo 50 zuwa Naira 2. Wannan kwabo 50 ɗin yana cikin abin da ya tayar da zanga-zangar da ake kira Ali Must Go, saboda Kanar Ahmadu Ali ne kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, Allah ya jiƙansu. A shekarun 1980 aka janye tallafin abincin gaba ɗaya, aka bar kafteriya a hannun 'yan kasuwa.

Abin da ya sa na kawo wannan, Bashir ya yi gaskiya cewa kuɗi ne tushen maganar. Amma abin da ya sa abincinmu ya yi araha ba tallafi kaɗai ba ne. Mai dafawa ya san adadin bakunan da zai ciyar tun kafin ya ɗora tukunya, saboda an riga an sayi tikiti. Yana sayen kaya da yawa a lokaci guda. Mahaifiyar Ummi kuwa kullum caca take yi, ba ta san ko mutum 6 za su zo ko 60 ba. Ku cire mata wannan cacar ku ga abin da zai faru.

Bashir: Allah ya ƙara girma Baba. Amma mu ai haƙƙinmu ne gwamnati ta dawo da tallafin. Me ya sa kullum talaka ne zai nemo dabara?

Baba Sabo: Ku nema, ɗana, ina bayanku. Amma cikinka ba zai jira ranar da za a amsa ba.

Gyang: Ni ɓangaren shara zan yi magana, don a kansa nake aikin kammala karatuna. Farar robar nan ba ta ruɓewa, kuma 'yan bola jari ba sa sayen ta. Gorar ruwa suna ɗauka, gwangwani suna ɗauka, ita kuwa ba ta da nauyi kuma ta ɓaci da mai, babu mai so. Ƙarshenta ɗayan biyu: ko a cinna mata wuta a bayan hostel mu shaƙi baƙin hayaƙin, ko ruwan sama ya ja ta cikin kwalbati ta toshe. Mutanen Jos ba sa bukatar a ba su labarin ambaliya, mun ga abin da ya faru a Rikkos da Gangare a 2012. Jihar Legas ta haramta wannan roba tun Janairun 2024.

Sauran abincin da ake zubarwa a cikin robar kuma shi yake tara ɓeraye. Ku tuna zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma Jos tana cikin wuraren da aka fara ganin ɓarnarsa tun 1970. Duk rani sai an yi gargaɗi a jihar nan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sharar kicin dukiya ce. Masu lambu a bakin Dilimi sun daɗe suna sayen tokar bola suna zubawa a gona saboda tsadar takin zamani. Matsalarsu ita ce tana zuwa haɗe da leda da kwalba da batir. Da za a ware ɓawon dankali da na doya da ganyen kabeji a duro ɗaya, roba a wani, masu kiwo za su zo da ƙafarsu su kwashe ɓawon, ragowar ya zama taki mai kyau. Duro 2 kawai ake bukata da mutanen da za su kiyaye.

Bashir: Legas ta hana, sai masu abinci suka koma robar da ta fi tsada, mai saye ya biya. Idan aka kawo dokar nan Filato a kaina za ta ƙare. Ku masu hali kuna son muhalli ya yi kyau da aljihun talaka.

Hauwa'u: Haba Bashir, wa ya ce maka ni mai hali ce? Ɗinki nake yi da daddare nake biyan kuɗin makaranta. Kuma babu wanda ya ce ka sayi wata roba. Ba ka da kula ko kwano a ɗakinka?

Bashir: Ina da shi. In riƙa yawo da kwano a jaka daga lakca zuwa lakca?

Nanret: Iyayenmu ma'aikata da kula suke zuwa ofis, ba wanda ya raina su.

Sadiq (shugaban zaure): A sassauta. Bashir, ka janye maganar masu hali, ba mu san sirrin juna ba.

Bashir: Na janye. Ki yafe ni Hauwa'u, zafin rayuwa ne.

Hauwa'u: Ya wuce.

Ummi: Idan mutum ya zo da kwanonsa, Mama za ta cire masa kuɗin tekawe, wannan ko tambayarta ba sai na yi ba. Ita ma ta huta da saye.

Auwal: Yanzu na dawo daga kasuwa na ga saƙonni sun taru. Ni duk Asabar da hutu a Farin Gada nake taya yayana, saboda haka bari in gaya muku abin da ba ku sani ba. Masu lodin Kudu zaɓe suke yi. Kabeji sai mai babban kai mai tauri, karas sai miƙaƙƙe, dankali sai manya. Ƙananan kabeji da karas mai reshe biyu da ƙananan dankali duk ture su ake yi gefe, alhali lafiyarsu ƙalau, ɗanɗanonsu ɗaya. Idan motoci suka tashi, wajen azahar, manomi so yake ya rabu da su ya kama hanyar gida. A nan ne arahar take. Amma ba za a ba ka arahar a kan ƙwaya 3 ba, sai ka ɗauki buhu. Mace ɗaya mai shago ba za ta iya cinye buhun kabeji kafin ya lalace ba. Idan masu abinci 3 ko 4 suka haɗa kuɗi suka raba, ko kuma aka san adadin masu ci kamar yadda Baba ya faɗa, to magana ta canza.

Dakta Rabi: Auwal, ƙanana da karkatattu babu laifi. Amma ban da tumatur ɗin da ya fashe ya fara farin fumfuna, wanda ake sayarwa da arha don miya. Tafasa ba ta kashe kowace guba. Haka gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, suna illa ga hanta.

Auwal: Na kiyaye Anti. Wannan ko kyauta ba zan ɗauko musu ba.

Nanret: Maganar ajiya kuma, Ummi, ku gwada tukunya cikin tukunya. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ta fi aiki da rani lokacin da iska take a bushe. Da sanyin Jos kuma, kabeji da karas suna yin kwanaki ko babu firij idan ba a jiƙa su ba. Alayyahu ne kawai sai a saya a ranar.

Gyang: Ni zan nemo duro 2 in rubuta a jikinsu. Akwai mai kiwon awaki a unguwarmu da na san zai riƙa zuwa ɗaukar ɓawo.

Ummi: To na karanta wa Mama komai tun daga sama. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce ta yarda ta sake gwadawa, amma da sharaɗi, don ba za ta sake kiran almajirai su kwashe jarinta ba. Talata gwaten tsakin masara da wake da ganye, Alhamis faten dankali da kabeji da karas. Sai mutum 30 sun rubuta suna sun biya tun daren Lahadi za ta ɗora tukunya. Kowa ya zo da kwanonsa, wanda ya manta ya ci a nan ya bar farantin. Ta ce za ta rage Maggi ta sa daddawa kamar yadda Anti Dakta take so, amma kada wanda ya zo ya ce mata miya ta yi lami.

Dakta Rabi: Ki ce mata ta rage a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Ni zan biya wa mutum 5 na makon farko, Sadiq ya zaɓi waɗanda suka fi bukata ba tare da an faɗi sunansu a nan ba.

Baba Sabo: A ƙara 3 a kaina.

Bashir: Nawa ne kwanon? Wannan ita ce tambayar da har yanzu ba a amsa ba. Idan ya fi kuɗin shinkafa ko da Naira 50 ne, ba ni ciki, kuma yawancin 'yan hostel ɗinmu ma haka.

Ummi: Ta ce ba za ta yanke farashi ba sai ta ga yadda aka sayo kayan. Ba ta so ta yi alƙawari ta saɓa.

Auwal: To ku zo ranar Asabar ku gani da idonku. Ƙarfe 1 na rana, ku same ni ta wajen 'yan kabeji. Bashir, har da kai, ka zo ka yi cinikin da bakinka.

Bashir: Zan zo. Ku sa sunana da fensir tukuna.

Hauwa'u: Na buɗe jerin sunaye, mun kai 14 har da na Anti da na Baba. Nanret, ki tambayi babanki nawa zai bar mana buhun ƙananan dankali idan muka ɗauka daga gona, da kuɗin mota daga Mangu.

Nanret: Zan kira shi yau da daddare idan ya dawo daga gona.